Sawun Harshe

Daga Gidadawa aka kawo mini ita cikin gafaka,
warƙa bakwai, gara ta gutsure gefen ta uku.
Babu suna a ƙarshe, babu shekara.
Bagudu ya ce, "Ta kakanmu ce, Malam Modi,
ki dai tabbatar mana, za mu buga."

Na shimfiɗa wasiƙun Modi goma sha ɗaya
a kan tabarma, na danne su da duwatsu
don kada fanka ta kwashe.
Rubutun hannu iri ɗaya ne, ban musa ba,
lanƙwasar lam, ƙibar ɗigo.
Amma hannu ɗan aike ne,
baki nake nema.

Modi ya daɗe a gabas neman karatu,
harshensa ya koɗe a can:
"suka" yake cewa, "muka zo", "tafi".
Ita wannan "sunka" take yi, "munka taho",
sau ashirin da shida, na ƙirga da ƙwayar gero.
Modi ba ya buɗe zance sai da "amma".
Nan ko ɗaya babu.
Sai "awa", sai "wanga", sai "hwa"
kamar tsakuwa cikin shinkafar fadama.

Modi na kwatanta duniya da kasuwa.
Mai waƙar nan da tukunyar baba take kwatanta ta,
wadda in ka tsoma hannu sai mako ya wuce.

Bayan la'asar, a baiti na arba'in,
inda gyara ya yi barci,
na tsinci kalma biyu: "ni ta".
Namiji "ni na" zai ce.

Na kira Bagudu. Ya daɗe yana kallon bango.
Ya ce akwai wata Ige, yayar Modi,
mai rini a bayan gida,
ba ta iya riƙe alƙalami ba,
faratanta shuɗi har ranar da aka yi mata wanka.
Da dare takan kira ƙanenta ɗaki,
ana zaton hadisi yake biya mata.

Ya ce, "To yanzu me za mu sa a bango?"

Ban amsa ba. Ina mayar da geron cikin ƙoƙo,
ƙwaya ƙwaya,
ina jin tsohuwa na gyara murya
tana cewa, "Rubuta, Modi,
kak ka sauya mini ko wasali."