Gadon 'Yar Juwai

Ni ba kafinta ba ne.
Shekara talatin ina buga hatimi a tashar jirgin Sabon Gari,
hannuna ya san tawada, bai san zarto ba.
Amma Juwai ta tare ni ran Laraba:
"Kaka, 'yata a kwali take kwana,
kwalin ma na sabulu, ɓera ya ci gefe guda."
Na ce to.
Tsoho in ya ce wa jika to, ya ci bashi.

Na je 'Yan Katako na taya falanki,
kuɗin da suka faɗa ya koro ni gida.
Sai ga ƙyauren kabad ɗin Hajjo jingine a bayan ɗaki,
maɗaci ne, jan itace, gara ta ɗanɗana ta haƙura.
Shekara shida ban taɓa shi ba.
Har yau in ka kai hanci
akwai sauran kanumfari a jikinsa.

Zarto na aro wurin Tanimu na Tudun Jukun,
ya miƙo yana dariya: "Ƙirga yatsunka kafin ka fara."
Taƙi biyu tsawo, taƙi ɗaya faɗi,
na ja layi da gawayi,
na yanka, ya karkace,
na gyara, ya gajarce.
Gadon ya ragu da yatsa uku, ban gaya wa kowa ba.

Ƙafafun lilo su ne aiki.
Na kifa faifai a kan katako na zaga bakinsa,
na fitar da jinjirin wata guda biyu,
ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙiba.
Kwana uku ina gugar su da sanfefa
a gindin mangwaro, jan gari ya rine mini gemu.
Jirgin kaya ya wuce ban ɗaga kai ba,
ni da kukansa ne agogona.

Ƙusa ta bakwai ta lanƙwashe,
guduma ta sami babban yatsa.
Abin da bakina ya faɗa
na nemi gafararsa da la'asar.

Ban sa fenti ba.
Man gyaɗa na shafa da tsumma,
jan ya taso kamar an hura garwashi.
Ramin makulli yana nan inda yake,
na bar shi ta wajen kai,
ko 'yar tsana ma tana son taga.
Katifa kuwa auduga ce a hannun tsohuwar rigata,
ɗinkin nawa ne, kada a duba.

Na taɓa shi da yatsa, ya ɗauki lilo,
ƙwas, ƙwas, yana ɗingishi ta hagu
kamar mai shi.

Ran Juma'a da aka sauko na kai mata Gyallesu,
a buhu, rungume a cinyata.
Ta zaga shi sau biyu, hannu a ƙugu,
ta leƙa ramin makulli, ta shinshina.
Ta kwantar da 'yar, mai ido ɗaya da kitson zare,
ta girgiza sau ɗaya,
sai ta ɗauke abarta, ta saɓa a baya,
ta ja ɗankwali ta ɗaure tam.
"Kaka, ba ta saba ba. A bayana take barci."

Na ce to.

Bayan isha'i uwarta ta kira ni tana dariya:
Juwai ta hana kowa taɓa gadon,
ta jawo shi jikin tabarmarta,
ta sa ɗan tsakon da kaza ta ƙi a ciki,
ta lulluɓe shi da hular ƙaninta.
Wai kuma gadon yana ƙanshin wata
da ba ta sani ba.

Na daɗe riƙe da wayar.
Wata biyu ne tsakanin tafiyar Hajjo
da zuwan yarinyar nan.

Gobe zan mayar wa Tanimu zartonsa,
in ware masa yatsu goma cif,
tara lafiya lau,
ɗaya da baƙin farce.