Ɗinkin da Ba Ni Na Yi Ba

Shekara ashirin da shida ina ɗinki a Fagge,
a duƙe kan keke kamar mai neman allurar da ta faɗi,
har ranar da aka kwantar da ni rub-da-ciki a Dala,
wasu suka ɗinke ni.
Ban ga aikinsu ba har yau.
Saude ce ke dubawa, ta ce layin ya miƙe,
sai dai ba su iya ɓoye bakin zare ba.

Da likita ya duba hoto ya gyaɗa kai,
Malam Nafi'u mai gashin ƙashi ya ce, "Za mu fara yoga."
Na ce, irin ta Indiyawa, ƙafa a wuya?
Ya yi dariya har bironsa ya faɗi.
"Taka numfashi ce tukuna.
Kada ka sunkuya, kada ka murɗa ƙugu,
kada ka ɗauki abin da ya fi buta nauyi.
In za ka juya, juya gaba ɗaya kamar gungume."

Ga ni bayan asuba a kan katifa mai tauri,
filo ƙarƙashin gwiwa,
ina ja da hanci, ina ƙirga huɗu,
ina saki a hankali kamar mai hura koko.
A waje 'yan adaidaita sun fara hon,
mai ƙosai ta ɗora kasko,
gari duk ya tashi da gudu,
ni kuwa ina zame diddige ɗaya, taƙi guda,
in dawo da shi.

Wata Laraba na ga wani a wayar yarona Mudan,
ya lanƙwashe kamar baka, yana murmushi.
Na ce ai ni ma ba ragon namiji ba ne.
Ban kai rabi ba
wuta ta tashi daga ƙugu ta sauka har ɗan yatsa.
Kwana uku Saude na sa min takalmi,
ba ta ce uffan ba,
shirun ya fi faɗa zafi.

Wannan karon Malam Nafi'u bai yi dariya ba.
"Wancan babu ƙarfe a bayansa.
Naka da kusoshi huɗu, ƙashi bai gama riƙe su ba.
Tsamin nama ba komai.
In ciwo ya harba ƙafa, ko ka ji ta mutu,
tsaya nan take, ka kira ni.
Ba kai ke hana yaran shago fizgar leshi ba?"

Ni ne.

Yanzu ina tsayawa jikin bango,
kafaɗa a kan siminti mai sanyi,
in miƙe kamar ana auna min tsayin riga.
Kujera na gefe, na daina jin kunyarta,
a kanta ma nake salla.
Goshina na kewar ƙasa;
an ce in bari a sake hoto.
Masu kawo yadi suna sallama, wai biki ya matso,
na ce su kai wa Mudan,
hannunsa ya faɗa, aljihu ne kawai yake karkatarwa.

Jiya na tsaya da ƙafa ɗaya,
hannu a kan kujera,
numfashi biyar cur.
Saude na tankaɗe, ta ba ni baya.
Ban kira ta ba.
Na sauke a hankali,
na canza ƙafa.