Matakala Ɗari da Sha Bakwai

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da sha bakwai daga titi.
Eliana ta ƙirga su tun cikin yana wata biyar,
tana haki, tana dariya,
ta ce ranar naƙuda sai dai in goya Maite.

Ita ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba.
Rakiya ce sana'arta.
Mun ɗauke ta ne ta raka mu zuwa kukan jariri.

Daren da na'urar asibiti ta yi ta lalube
ba ta samo bugun komai ba,
na kira ta in ce ba sai ta zo ba,
aiki ya ƙare.
Ta ce: Wane ɗaki kuke?

Awa goma sha ɗaya tana murza bayan Maite,
tana jiƙa mata leɓe da ƙanƙara.
Da ya fito, ɗakin ya yi tsit,
har ina jiyo ƙugin jirgin ruwa can ƙasa a tasha.
Kowa ya sunkuyar da kai.
Ita kaɗai ta ce: Sannu da zuwa, Amaro.
Kai, ga gashi!

Ni na kasa dubansa.
Ba ta matsa mini ba.
Ta riƙa ba ni shi kaɗan-kaɗan da baki,
kamar mai fifita wa yaro shayi:
kunnensa irin naka ne,
fatar wuyan hannunsa ta ɗan saɓule, kada ka tsorata,
kilo biyu ne da ɗoriya.
Sai na miƙa hannu.
Shekara ashirin ina walda a cikin jirage,
hannun nan bai taɓa rawa ba sai ranar.

Ta shafa tawada a tafin ƙafarsa,
ta danna a takarda. Ta farko ta caɓe.
Ta ce a bar ta, ita ma tasa ce.

Kwana uku, nono ya kawo,
shi bai ji labari ba.
Ta hawo da kabeji biyu a jaka,
ta sanyaya ganyen, ta lulluɓe ƙirjin Maite,
ta sallami maƙwabciyar da ta ce
ai da sauran ƙuruciya, za ku sami wani.
Sallamar ma da murmushi, har bakin ƙofa.

Na ɗauko guduma zan kwance gadon da na ƙera.
Ta dafa hannuna: Ka tambayi Maite?
Gadon na nan har yau. Kyanwa ke kwana ciki.

Ina raka ta, muna sauka,
ta juyo ta ce: Aníbal, kai wa ke tambayar lafiyarka?
Na zauna a matakala ta sittin da wani abu.
Ita ma ta zauna.
Ba ta ce uffan ba har fitilun tasha suka kama.

Bana ma ta turo saƙo, sha huɗu ga Yuni,
da asuba, kafin in fita aiki.
Kalma ɗaya.
Sunansa.