Gwangwanin Zdislava

A Olomouc, ƙarƙashin tagar shagon burodinta,
Zdislava ta bari aka ɓoye ɗan gwangwani.
Ciki: fensir, guntun takarda, jan maɓalli ɗaya.

Sukan zo, ido a kan waya,
suna laluben bango kamar masu neman allura.
Su samu, su rubuta suna, su mayar.
Burodi kuwa, ko kallo.

Mijinta Radovan ya ce a cire:
"Kasuwa muke, ba wasan ɓuya ba."

Ranar da dusar ƙanƙara ta toshe titi
ta warware takardar.
Wani ya rubuta: "Ƙamshin nan, sak ɗakin kakata."

Ta sako sabon fensir.
Radovan bai tanka ba,
amma shi ya feƙe shi.