Lamba Arba'in da Uku

Ban taɓa zama bayan sitiyarinta ba.
Ƙanena Ubaldo ke tuƙi, ni ke kwana ƙarƙashinta,
sifana a baki, baƙin mai har gwiwar hannu.
A Castex in ka ce Zulema, sai a ce: ta gareji?

Maris muka ɗaure ta a tirela tun duhun asuba,
jikinta cike da sunayen masu rufa mana asiri:
Berrondo mahauci a ƙofar dama,
mai burodi a baya,
mai kantin magani ya ba da taya biyu
ya ce a rubuta shi da manyan baƙi.
A Toay iskar fili ta zo a karkace,
ta fizge hular alƙalin tsere ta kai wa shanu.
Muka zo na shida.
Ubaldo ya fito yana washe baki kamar an yi masa albishir.

Afrilu ruwa. Mayu ruwa.
A Pico, a kwanar da suke kira Gwiwar Tsohuwa,
kowa ya taka birki, shi ya jinkirta da numfashi ɗaya,
ya shiga na biyar, ya fito na biyu,
taɓo ya rufe lambar har sai da na goge da hannun riga
kafin su yarda mu ne.

Yuli sanyi ya kama ruwan lagireto.
Muka zagaye garwashi, ƙoƙon mate na bin hannu hannu,
kowa na ƙaryar gudun da ya yi a bara.
Agusta fistin ya huda injin,
ƙara ɗaya, sai hayaƙi fari, sai shiru.
Goɗiyar babanmu ta biya wannan shirun.
Ranar da aka zo tafiya da ita
na shige ƙarƙashin mota, ban fito ba sai dare.

Duk kakar nan jar motar Fermín Larralde na gabanmu
ko tana hura mana wuta a ƙeya.
Ubansa na sayar da taraktoci.
Mu kuwa da tsohuwar zuma muke magani.

Disamba, tsere na goma, maki uku tsakaninmu.
Daren jajibiri, zafi ko kare ya ƙi haushi,
sai ga Fermín a bakin rumfarmu, hula a hannu.
Kulocinsa ya ƙone. Kantuna a rufe.
Gari mafi kusa, kafin a je a dawo an ɗaga tuta.
Ina da guda, naɗe a tsohuwar jarida,
wanda na yi dare uku ina daidaitawa.
Na dubi Ubaldo. Ubaldo ya dubi takalminsa.
Na miƙa.

Zagaye ashirin.
Ni ba na kallon tsere, kunne nake kasawa.
Daga bayan shinge na ji aikin hannuna
yana kama giya ta uku a cikin motar wani,
sumul, ba gargada, yadda na so ya yi.
Ban san ko in yi kuka ko in yi guɗa ba.
Ya riga mu da tsawon hannu. Hannu ɗaya.

A hanyar gida ba wanda ya ce uffan.
Alkama ta nuna hagu da dama, tirela na ƙara a baya.
Mun wuce gidan mai biyu kafin Ubaldo ya buɗe baki:
"Kin ɗaure masa shi da kyau?"
Na ce, "Ka san ni."
Ya ce, "Na ji shi. Duk kwana ina jin shi."
Sai ya miƙo mini ragowar burodinsa.

Yanzu Janairu, gareji kamar tanderu.
Jiya wani ya ɗaure ɗan tunkiya a ƙofa, bai bar suna ba.
Ina kankare arba'in da uku da wuƙar Berrondo.
Baɗi lambarmu biyu,
kuma har yanzu ban sayi fenti ba.