Bida

Ranar da muka haƙa wa Kawu Jatau,
bayan garin Daura, ta hanyar Sandamu,
ruwan shuka ya sauka da asuba,
ƙasa ta yi laushi kamar ta san da zuwansa.

Ba mu kai kamu guda ba
shebur ɗin Barmo ya ɗago dunƙule,
dunƙulen ya fashe, abu ya sulale,
baƙi, mai sheƙi, taƙi ɗaya da 'yan kai.
Wani yaro ya ce tana ce.
Wani ya ɗaga diga.

Barmo ya ce, ajiye.
Tana ba ta da harshe, dubi nata yana leƙowa.
Shekara talatin ina buɗe ƙasar nan,
bida ce, ba ta taɓa cizon kowa ba.
Bakin da za ta yi cizon ma ina yake?

Ya ɗora mini ita a tafin hannu.
Sanyi. Santsi.
Na rasa gabanta, na rasa bayanta,
shi ya sa ake cewa kai biyu gare ta.
Sai da ta dafa ni da 'yar ƙayar wutsiya
tana neman kafa tsakanin yatsuna
na gane inda ta dosa.

Idanun ɗigo biyu ne ƙarƙashin fata,
ba su san fuska ba, ba su san launi ba,
iyakar saninsu: nan haske, koma.
Hanci da harshe ke yi mata jagora
har cikin shuri, har ɗakin tururuwa,
ta sha ƙwan gara, ana cizo ba ya kama ta.
Can take ƙwai, can take saɓa,
can take tsufa babu mai labari.

Mu garinmu da maciji ya yi suna,
baƙi na zuwa Kusugu su leƙa rijiya.
Wannan kuwa ƙarƙashin kowane zaure take,
ko kirari babu wanda ya yi mata.

Sai na tuna, Kawu baban jinka ne.
Tasa bidar ta ƙarfe ce, mai ido ɗaya,
ya soka ta cikin shuci ta ɓace,
ni ina ciki, yaro, ina jiran tsininta
in mayar masa da igiya.
Da ganinsa ya tafi ma bai daina ba,
yatsu suka karɓi aikin.

Na sauke ta gefen ramin, wajen gabas.
Ta sunkuya, ta soka kai,
ƙasa ta rufe, babu ko tabo.

Muka kwantar da shi, muka jera itace,
muka liƙe da laka.
Jama'a na shafa addu'a, ni ina kallon wurin,
na ƙi tashi,
kamar mai jiran tsini ya ɓullo ta wannan gefen.