Kai a Sunkuye

Ta hannu na saye ta, a bayan Tsohuwar Kasuwa,
wurin Ɗanjuma mai gyaran agogo.
Ya ce, "Sa farce a nan gefe, ka ja.
Allon bayanta ɗagawa yake, kamar murfin tukunya."
Na ce, "Me zan yi da shi, ga idona biyu?"
Ya rage mini dubu uku saboda maƙallin yana ƙara.

Wata huɗu ban taɓa shi ba,
sai ranar ƙwallo a filin Pantami,
da dogaye suka gina mini katanga da ƙeyarsu.
Na miƙa hannu sama kamar mai tsinkar mangwaron maƙwabta,
na karkato allon ya dube ni,
sai ga raga, ga mai tsaron gida yana shafa addu'a,
ga ƙwallon tana shigewa ta ƙarƙashin addu'ar.

Daga nan na koyi ƙasa.
Na ajiye ta dab da turɓaya, gwiwata ba ta san an yi ba.
Ashe ƙadangare dattijo ne in ka zo masa ta haɓa.
Ashe yaro mai gara taya, daga can,
tsawonsa ya kai hasumiya.

Ni ɗan fari ne.
Shekara talatin da huɗu Dada ba ta kama sunana ba.
"Wancan" nake, in an matsa "yayan su Hafsi".
In na yi sallama idonta ya koma kan faifai,
in na gaishe ta, kaza take amsa wa.
Na san fason dugaduganta,
na san ƙullin ɗankwalinta ta baya.
Fuskarta kuwa sai a sace,
kamar yadda ake satar kallon rana.

Asabar ɗin nan na je Kumo.
Bayan la'asar, tana tsince wake a gindin dalbejiya.
Na durƙusa nesa, inda na saba,
kyamarar a kan cinyata.
Na sa farce, na ja a hankali don kada ya yi kukan nan,
allon ya kwanta yana duban sama,
kaina ya sunkuya a kansa.
Ta ɗauka ladabi ne,
ko latse-latsen banza irin na mutanen birni.

Sai ga ta a tafin hannuna,
ba ta fi akwatin ashana biyu ba.
Na juya zoben, hazon ya washe:
tsage uku a kunci, ɗaya ya fi guntu,
furfura a girar hagu.
Hannunta ya tsaya cak a cikin waken.

Kallona take yi.

Ba leƙe ba. Kallo, a zaune, da hutu,
daga hulata zuwa wuyan rigata,
tana motsa leɓe kamar mai ƙidaya.
To duk durƙuson nan na shekaru,
duk sanda na ba ta tsakiyar kaina ina ƙirga tururuwa,
abin da ke gudana a sama ke nan?

Yatsana ya rigaye ni.
Ƙyas!
Na manta ban kashe ƙarar ba.

Hoton yana nan, lamba ɗari biyu da sha bakwai:
gefen ɗankwali, kunne, faifai ya karkace,
wake uku a iska.
Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya lalace, in goge.

Da zan tafi, ta ce da Hafsi, tana duban randa,
"Ki ce wa wancan ya rame.
A ɗaura masa kwano biyar a bayan babur."

Jiya Ɗanjuma ya ce in kawo ya ɗiga wa maƙallin mai.
Na kai masa tun da safe.
Ran Asabar zan koma,
na kuma gano inda ake kashe ƙarar.